Shekarata 49, ban taɓa riƙe raket ba: zan iya fara pikilbol?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston, Amurka, shekarata 49. Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, tafiyar ƙafa kuwa ta gundure ni. Maƙwabtana suna buga wani wasa da ake kira pickleball a filin unguwarmu, kullum sai sun ce in zo. Rabona da wasa tun ina makarantar sakandare, gwiwata ta hagu takan yi mini ciwo, kuma da hijabi nake fita. Ina jin nauyin in je in ɓata wa mutane wasansu. Me zan saya, me kuma ya kamata in sani kafin ranar farko?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki amsa gayyatar nan, ki je. Na koyar da mutane da dama da suka girme ki, wasu a ranar suka fara riƙe abin bugu a rayuwarsu, kuma kafin a tashi sun mayar da ƙwallo ta tsallake raga sau biyar, sau shida a jere.

Asalin wasan ma don irinku aka yi shi. A shekarar 1965 ne Joel Pritchard da abokansa Bill Bell da Barney McCallum suka ƙirƙiro shi a tsibirin Bainbridge, kusa da Seattle a jihar Washington, don iyalansu su sami abin yi tare, yaro da babba. Filin badminton suka samu, suka saukar da ragar ƙasa, suka ɗauko ƙwallon roba mai huji-huji da 'yan katakai. Har yau girman filin bai canza ba: faɗi ƙafa 20, tsawo ƙafa 44. Ragar inci 36 ce a gefe, 34 a tsakiya, wato ba ta wuce ƙugunki ba. Akasari mutum biyu-biyu ake bugawa, don haka faɗin ƙafa 10 kacal ne a wuyanki. Ƙwallon kuma ba ta da nauyi, hujojinta suna shan iska, ba ta gudu irin na ƙwallon tanis.

Batun saye, kada ki sayi abin bugu tukuna. Kamar ƙaramin allo yake mai mariƙi, kuma maƙwabtanki ba za su rasa na aro ba. Ki buga da na aro sau uku ko huɗu, ki ji nauyin da hannunki yake so. Yawanci tsakanin giram 200 zuwa 240 suke, kuma idan kin tashi saye ki ɗauki mai sauƙin nauyi wanda mariƙinsa ya cika tafinki daidai. Inda nake so ki sa kuɗinki shi ne takalmi. Takalmin gudu, wanda kike tafiyar ƙafa da shi, an yi shi ne don zuwa gaba, ƙasansa mai kauri ne da laushi. Pikilbol kuwa wasan matsawa gefe ne, hagu da dama, kuma a irin wannan motsi takalmin gudu yana iya karkacewa ya gurɗa miki idon sawu. Ki nemi takalmin tanis mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Idan da hali ki haɗa da tabarau na kariya, domin ƙwallo kan zame daga gefen allon abokiyar wasa ta nufo fuska ba shiri.

Hijabi ba ya hana komai. Ki sa gajere wanda ya kama kai bai sauko ya rufe hannu ba, da doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai sakewa. Abaya ko dogon siket ne nake hanawa, saboda harɗe ƙafa.

Dokoki uku sun ishe ki ranar farko. Sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, daga ƙasa ake yin sa, allo ya sami ƙwallo a ƙasa da ƙugu, ta tsallake raga a karkace zuwa sashen filin da ke ɗaya kusurwar. Idan hakan ya yi miki wuya, doka ta yarda ki saki ƙwallon ta faɗi ƙasa ta tashi sannan ki buga, kuma da wannan nake fara koya wa kowa. Ta biyu, bayan sabis dole ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya a wancan ɓangaren, idan suka mayar ta sake taɓa ƙasa sau ɗaya a naku, sai bayan nan ne kowa ke da izinin tare ta a sama. Sababbi sukan yi sabis su ruga gaba, ƙwallo ta zo musu a ƙirji su tare, sabis ya tafi. Kin yi sabis, ki tsaya a baya ki jira.

Ta ukun ita ce zuciyar wasan. Akwai wani layi ƙafa 7 daga raga a kowane ɓangare, wurin da ke tsakaninsa da raga ana ce masa kicin. Ba a tsayawa cikin kicin, ko a kan layinsa, a tare ƙwallo a sama. Idan ta riga ta taɓa ƙasa, ki shiga ki buga ki fito, babu laifi. Wannan doka ita ta hana dogo mai ƙarfi ya tsaya a bakin raga yana sheme mutane. Shi ya sa za ki ga ƙwararru su huɗu sun jeru a bakin kicin suna lallaɓa ƙwallo a hankali, tana tsallake raga da ƙyar tana faɗuwa a gaban ƙafar abokin hamayya, kowa yana jiran wanda haƙurinsa zai ƙare ya ɗaga ta sama. Na sha ganin dattijuwa mai shekara saba'in ta gajiyar da saurayi da wannan bugun lallaɓawa. Shi yana kai duka da ƙarfinsa ƙwallo tana fita waje, ita ko gumi ba ta yi ba. Don haka ki sassauta riƙo, kamar kin riƙe ludayi kina zuba kunu, kada ki damƙe kamar taɓarya. Ki tura ƙwallon daga kafaɗa, wuyan hannu a tsaye.

Lissafin maki zai rikita ki, kowa ma ya rikice da farko. Ana zuwa 11, sai an ba da ratar biyu ake ci, kuma masu sabis ne kaɗai ke samun maki. Kafin sabis ana faɗin lamba uku: makinku, makinsu, da ko ke ce mai sabis ta farko ko ta biyu a ɓangarenku. Ki bar abokiyar wasanki ta riƙa faɗa, a rana ta uku za ki ji bakinki ya kama.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Kada ki taɓa ja da baya-baya kina bin ƙwallon da aka ɗaga ta saman kanki. Wata ɗalibata, a makonta na biyu, ta ɗaga kai tana kallon ƙwallo tana ja da baya, dunduniyarta ta tuntsure, ta kai hannu ƙasa don ta tare. Ina tsaye a bakin raga na ji ƙarar. Wuyan hannunta ya karye, ta yi makonni da ɗauri, kuma har yau ina jin zafin cewa ban ja mata kunne tun ranar farko ba. Idan ƙwallo ta wuce kanki, ki juya gefe ki bi ta da taku, ko ki kira abokiyarki ta ɗauka, ko ki bar ta ta tafi kawai. Maki ɗaya ne.

Gwiwar kuma, filin nan siminti ne ko kwalta, ba ya yafe wa gaɓoɓi. Ki yi minti goma kina tafiya da sauri kina matsawa gefe-gefe kafin ki shiga, ki miƙe sharaɓa sosai, domin jijiyar dunduniya na cikin wuraren da suka fi jin ciwo ga wanda ya fara da girma. Ranar farko wasa biyu ya isa, ko da daɗi ya kama ki, kuma zai kama ki. Ki huta kwana ɗaya ko biyu tsakani. Gajiyar tsoka washegari ba komai ba ce, amma idan gwiwar ta kumbura ko ta riƙa sarewa, ki dakata ki nuna wa likita. Ki gaya masa ma tun yanzu cewa wannan wasan za ki fara, tunda wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, ga zafin Houston da gumi. Ki zaɓi sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa a gefe. Jiri ko nauyin ƙirji ko numfashi sama-sama, ki zauna nan take, kada kunya ta sa ki ƙarasa wasan.

Kunyar ɓata wa mutane wasa kuwa, al'adar filayen unguwa a Amurka ta riga ta warware miki ita. Ana jera allunan bugu a layi, huɗu su shiga, idan sun gama wasu huɗu su karɓa, ana cuɗanya da wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Wasa ɗaya bai cika wuce kwata na awa ba. Da kin shiga ki ce musu yau ce ranarki ta farko, za su sassauta miki bugu su riƙa nuna miki inda za ki tsaya. Abin da ya fi ma, ki roƙi maƙwabciya ɗaya ku riga jama'a zuwa da minti ashirin, ku tsaya a bakin kicin kuna lallaɓa wa juna ƙwallo, kuna ƙirga sau nawa ta tsallake ba ta faɗi ba. Idan kun kai goma a jere, ki ajiye allonki a layi. Allah ya ƙara lafiya, Hajiya, ki rubuto mini yadda gwiwar ta kwana.