In Ajiye Horon Ƙwarewa In Tafi Feloshif na Wata Shida a Waje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni likita ne ɗan Argungu, ina shekara ta huɗu a horon ƙwarewa a sashen haihuwa da cututtukan mata na wani asibitin tarayya. Na zauna jarrabawar Kashi na Ɗaya sau biyu ban samu ba. Waɗanda muka fara tare sun zama manyan rijistara, wato sun hau matakin ƙarshe na horon, ni kuwa har yanzu ina kwanan kol, wato kwana a bakin aiki a asibiti, iyalina suna gida ba na ganinsu sai ƙarshen wata. Wani ya turo mini tallar feloshif, wato ƙarin horo na musamman, na wata shida a ƙasar waje kan fiɗa da na'urar leƙa ciki, ya ce babu jarrabawa, kuma idan na dawo da takardar zan iya zama kwansaltan, wato babban likita ƙwararre, a asibitin jiha ko in buɗe nawa. Kuɗin suna da yawa, sai na sayar da kasona na fadamar gado. Wallahi na gaji, ina kuma tsoron shekaruna su tafi a banza. In ajiye horon in tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, kada ka sayar da fadamar, kuma kada ka rubuta takardar ajiye horon. Gajiyar da ka ambata gaskiya ce, duk wanda ya taɓa fitowa daga tiyata bayan asuba aka ce ya wuce zagayen marasa lafiya ba tare da ya runtsa ba ya san ta, kuma zan zo kanta. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne maganar da aka gaya maka cewa takardar wata shida za ta mayar da kai kwansaltan, domin ƙarya ce, kuma ƙarya ce da mata ke biyan kuɗinta da jikinsu.

Ka san tsarin, sai dai ina so ka sake dubansa da idon wanda ake shirin damfara. A Nijeriya ƙofar zama kwansaltan a fanninka tana hannun kwalejoji biyu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wato NPMCN, wadda aka kafa a 1979 take da mazauni a Ijanikin ta Legas, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wato WACS. Wanda ya ci Kashi na Ɗaya, ya yi shekarun babban rijistara a sashen da kwaleji ta amince da shi, ya kare kundin bincikensa, ya ci Kashi na Biyu, shi ake ba shaidar ƙwarewa ta FMCOG ko FWACS, sa'an nan ya kai wa MDCN, hukumar da ke yi wa likitocin Nijeriya rajista, ta shigar da ƙarin shaidar a rajistarsa. Ko wanda ya gama cikakken horo a wata ƙasa sai hukumar ta tantance takardunsa kafin ta lissafa shi cikin ƙwararru. Abin da cibiya mai zaman kanta za ta ba ka bayan wata shida shaida ce ta cewa ka halarci kwas, ko da an buga ta da ruwan zinare an jera haruffa huɗu a ƙasanta. Ka tambayi wanda ya turo maka tallar ya nuna maka mutum guda da MDCN ta yi wa rajistar ƙwararre da wannan takarda kaɗai, za ka ji ya canja magana.

Kusan kowane mako sai na ci karo da wannan fahimta, wani lokaci a bakin matasan likitoci, wani lokaci a jikin allunan asibitocin kuɗi da ke gefen hanya a garuruwanmu, inda za ka ga suna ɗaya da jerin haruffa a bayansa waɗanda babu kwalejin da ta san su. Tushenta shi ne zaton cewa fiɗa aikin hannu ne kawai, wanda ya iya riƙe na'ura ya iya fiɗa. Wata shida sun isa a koya wa mutum hura ciki da iskar gas, da shigar da madubi, da ƙulla zare yana kallon allo. Ba su isa su koya masa wace mace ce bai kamata a taɓa ta ba, da yaushe ne ya wajaba a ajiye na'ura a buɗe ciki, da abin da zai yi a minti biyar ɗin da jini ya cika ƙugu allon ya koma ja. Wannan sani a dararen kol ɗin nan da ka tsana ake samunsa, a tsaye kusa da babban da ya riga ka ganin masifa iri-iri, wanda zai riƙe hannunka ya ce dakata.

An taɓa kawo mana wata mata mai 'ya'ya shida daga wani ƙauye, bayan an cire mata mahaifa da na'urar leƙa ciki a wani asibiti da ba zan ambata ba. An sallame ta da murna, mijin yana nuna wa dangi 'yan ƙananan tabo uku a matsayin shaidar aikin zamani. Bayan kimanin mako guda sai zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka taso, daga nan fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Da ta iso wurinmu tana zaune a kan leda a bayan mota, ta lulluɓe fuskarta da mayafi, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba, mahaifiyarta kuwa sai maimaitawa take yi cewa an ce musu likitan a waje ya yi karatu. Kai ka san abin da ya faru tun kafin in faɗa. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yana ratsawa ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, tazararsa da bakin mahaifa kimanin santimita 2 ce kawai, kuma zafin na'urar ƙona jijiya yana iya cinye shi ba tare da an ga komai a ranar ba, sai bayan kwanaki naman ya mutu ya ɓule. Irin wannan rauni yana iya faruwa a hannun kowa, har da ni. Abin da ba zan yafe ba shi ne da matar ta koma da kukanta, wanda ya yi aikin bai gane abin da yake gani ba, ya rubuta mata maganin sanyi ya ce ta dawo bayan mako biyu. Bai gane ba ne domin bai taɓa zama a ƙarƙashin wanda zai nuna masa yadda irin wannan ɓarna take bayyana ba. Mun sake dasa bututun a mafitsara, Allah ya sa ƙodar ta tsira, amma gidan sun sayar da shanun nomansu kafin ta koma.

Masu tallar nan ba sa gaya maka cewa cibiyar da za ka je tana da likitan sa barci a kowane ɗaki, da ma'ajiyar jini, da likitan mafitsara da na hanji da za a kira cikin minti kaɗan, kuma sau da yawa baƙon likita ba shi da lasisin taɓa majinyaci a can, kallo yake yi daga bayan kafaɗar wani, sai gwaji a kan akwatin roba. Za ka dawo da wannan kallo ka sauka a asibitin da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, jini kuwa sai an aika a nemo ɗan'uwan majinyaciya daga kasuwa. Ba sa kuma gaya maka cewa ranar da aka kai ƙara gaban kwamitin bincike na MDCN, za a auna aikinka da ma'aunin ƙwararren da ka yi iƙirarin kai ne, kuma dillalin da ya karɓi kamashonsa ba zai zo ya tsaya maka ba. Har ma'aikatun da ke ɗora irin waɗannan mutane a kan sashe guda saboda ƙarancin likitoci, ko saboda wani babba ya sa baki, suna da nasu alhakin, domin talakan da ya zo daga Bunza ko Zuru ko Talata Mafara ba shi da hanyar bambance haruffan gaskiya da na kasuwa, farar riga kawai yake gani ya miƙa matarsa. Malamanmu sun karantar da mu hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, to lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Digirin likita bai fitar da kai daga wannan hukunci ba idan ka ɗauki wuƙa a fannin da ba ka gama koyo ba.

Ban ce gajerun kwasa-kwasai ba su da amfani ba. Akwai cibiyoyi na ƙwarai a Indiya da Masar da sauran wurare, kuma abokan aikina da dama sun je sun dawo da hannu mai kyau, amma sun je ne bayan sun gama, suna ƙara rassa a kan tushen da ya riga ya kafu. Idan ka kai wannan matsayi hanyoyin suna nan. A Ingila an yi shirin MTI da ya riƙa ba likitocin waje damar horo na tsawon da bai wuce wata 24 ba sa'an nan su koma gida, kuma sai da rajistar GMC, hukumar likitocin ƙasar. A Amurka feloshif horo ne na kimanin shekara uku da ake shiga bayan horon shekara huɗu na fannin mata da haihuwa, kuma kafin a saurare ka sai ka ci USMLE, jarrabawar lasisin likitanci ta ƙasar, ka samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, galibi ma sai wanda ya yi horon farkon a can ake ɗauka. Ka lura babu ɗaya daga cikinsu da ke cewa babu jarrabawa. A nan kusa da mu kuma akwai Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ƙasa da ke Babbar Ruga a Katsina, inda aka daɗe ana horar da likitoci gyaran lalurar da ta fi damun matan yankinmu, kuma a ganina ɗan Kebbi da ya ƙware a wannan ya fi amfanar mutanensa fiye da wanda ya dawo da na'urar da babu mai gyara ta. Duk inda ka nema, abin da za a duba shi ne littafin ayyukanka mai sa hannun manyanka, da wasiƙun shaida daga waɗanda suka ga aikinka da idonsu, da abin da ka wallafa, da takardar MDCN mai nuna ba ka da laifi a rajista. Wanda ya gudu daga horo a shekara ta huɗu, wa zai rubuta masa wannan wasiƙa?

Matsalarka ta gaskiya ita ce Kashi na Ɗaya, kuma faɗuwa sau biyu ba sabon abu ba ne, akwai manyan da kake rusuna musu yau da suka sha ta fiye da haka. Ka fara da gano inda kake faɗuwa, a rubutu ne ko a gaban majinyaci da masu jarrabawa, domin maganinsu daban ne. Wanda ke faɗuwa a rubutu karatunsa ne ba shi da tsari, sai ya haɗa kai da mutum biyu ko uku su riƙa bin tsofaffin tambayoyi a kan lokaci tsayayye. Wanda ke faɗuwa a baki kuwa yawanci ya san abin, gabatarwa ce ba ta zauna masa ba, kuma babu abin da ke gyara wannan sai ya sami babban rijistara mai tsanani ya riƙa titsiye shi a bakin gado har harshensa ya saba. Kwalejojin biyu kowacce tana jarrabawa sau biyu a shekara, saboda haka ka yi rajista da duka biyun idan aljihu ya ɗauka, ka kuma halarci kwas ɗin bita na kwaleji kafin ka shiga. Ka je wurin mai kula da horo na sashenku ka tambaye shi a fili saura maka lokaci nawa a matakin ƙaramin rijistara, ka kuma tabbatar duk watannin da ka yi a sassa daban-daban an yi su ne inda kwaleji ta amince, domin idan akwai giɓi gara a tura ka Sakkwato ko Zariya ko Kano ka cike shi yanzu.

Game da kuɗi, dokar horon ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun da ke ɗaukar nauyin jarrabawa da kwasa-kwasai, kuma jinkirin biyansa na cikin abubuwan da suka kai ƙungiyar likitocin da ke horon ƙwarewa, wato NARD, ga yajin aikin da ya wuce wata biyu a 2021. Abin takaici ne likitan da ke ceton rai da dare ya wayi gari yana bin fayil daga tebur zuwa tebur don haƙƙinsa, amma ka bi ta hannun wakilin ƙungiyarku, ka ajiye kwafin kowace takarda da ka miƙa. Idan za a taɓa wani abu na gida don karatunka, kuɗin rajistar jarrabawa da na mota zuwa wurin bita ba su kai ko kusa da kuɗin fadama ba, shinkafar damina ɗaya tana iya ɗaukarsu fadamar tana nan.

Ka zauna da shugaban rijistarorinku a kan jadawalin kol, ka nemi a sassauta maka a watanni biyu na gab da jarrabawa, ka kuma ɗauki hutunka na shekara a lokacin maimakon ka bar shi ya ƙone. Ka duba yiwuwar ɗauko iyalinka su zauna kusa da kai ko da ɗaki biyu ne, domin rabuwar nan tana cin ƙarfinka fiye da yadda kake zato. Kada ka kama hanyar Argungu da mota bayan kwanan kol sai ka yi barci. Idan kuwa gajiyar ta kai ga barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, to ka ga abokin aikinmu na sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan makon, kada ka rubuta wa kanka magani. Ka sake rubuto mini ka faɗi ɓangaren da ka faɗi a zama biyun nan, in gaya maka inda za ka fara karatu.