Barin na'urar neman zinari a cikin mota lokacin bazara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da na'urar neman zinari da muke zuwa aiki da ita wajen Agadas. Idan na dawo Damagaram nakan bar ta cikin mota, wani lokaci wuni guda a bakin kasuwar Dole. Kwanan nan batir ya fara saurin ƙarewa, gilashin na'urar kuma yakan yi baƙi. Zafi ne ya jawo haka, ko dama jabu aka sayar mini? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamomin nan biyu na zafi ne, ko na'ura ta asali haka za ta yi.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram a inuwa yakan wuce digiri 40. Mota a rufe cikin rana tana ƙara kusan digiri 20 a kan na waje cikin awa guda, kuma yawancin ƙarin a rabin awar farko yake faruwa. Ka ga an kai 60 ke nan, kuma abin da aka ɗora ƙarƙashin gilashin gaba yana iya wuce 80. Kamfanonin ƙera na'urar irin su Minelab sukan rubuta iyakar zafin ajiya a littafin na'ura, mafi yawa tsakanin 60 da 70. Sassauta gilashin mota da yatsa biyu ba ya rage wani abin kirki.

Batir ne ke fara shan wuya. Batirin lithiyam da ke cike dam, idan ya yi zafi, sinadarin cikinsa yana lalacewa, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa wanda ke kai ka magariba ya koma mutuwa da la'asar. Cire shi ka ɗora a kan tebur: idan ya yi ciki har yana rawa, ko murfinsa ya ƙi rufuwa, ya kumbura. Kada ka caja shi, kada ka huda shi, ajiye shi kan yashi nesa da ɗaki. Babban kuskure shi ne caja a cikin mota da rana, domin batirin lithiyam ba a cajinsa sama da digiri 45. Balle motar masu zuwa daji da ba ta rabuwa da jarkokin fetur. Masu amfani da ƙananan batira na AA kuwa, zafi yana sa su yoyo, farin garin nan ya cinye ƙarafan da suke taɓawa.

Baƙin gilashin na'ura da sauƙi. Yakan washe idan na'ura ta huce, sai dai yawan maimaitawa yana barin tabo.

Wanda mutane ba su cika lura da shi ba shi ne faifan da ke shafar ƙasa. A cikinsa akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe, aka daskarar da ita a matsayi guda. Roba ta yi laushi da zafi, sannan ga buhu ko jarkar ruwa an danne ta, sai faifan ya ɗan karkace, ido ma ba zai gani ba. Daga nan na'ura ta riƙa kuka a inda babu komai, kana ta haƙa a banza. Gwada shi haka: kunna na'urar, ka ɗaga faifan sama nesa da ƙarfe, ka ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, ka motsa wayarsa. Idan na'urar ta yi kuka, da matsala a faifan ko a wayar.

Abin yi, idan ka sauka ka ɗauki batir da kan na'urar a jaka, ba su da nauyi. Idan dole sai an bar sauran, a kwance faifan daga sanda, a naɗe shi da bargo, a sa a ƙasa bayan kujerar direba, kada a ɗora masa komai. Kula babba marar ƙanƙara tana jinkirta zafi na 'yan awoyi, amma ba ta wuni. A bayan buɗaɗɗiyar mota kuma a shimfiɗa tabarma ko kwali kafin a ajiye, don ƙarfen ƙasan yana ƙona hannu da azahar.

Na'urar da ta riga ta yi zafi kada ka kunna ta nan take, kada ka zuba mata ruwa, kada ka sa ta a bakin iskar sanyaya mota, saboda raɓa na iya taruwa a cikinta. Ba ta kamar minti 30 a inuwa, ka kunna, ka sake daidaita ta da ƙasa. Idan za ta yi wata ɗaya ko fiye ba aiki, bar batir da caji kamar rabi, ka ajiye shi daban a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba ƙarƙashin rufin kwano ba.