Akori-kurata tana mutuwa idan ta ɗau zafi: wuta ce ko mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akori-kura Peugeot 504, mai kafireta da kwantak, ina ɗaukar kayan gwari da ita daga kasuwar Yankaba. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma da rana ta take, musamman in na shiga cunkoso, sai ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huta kamar minti 20. An canza fulogi, an wanke kafireta sau biyu, an sa sabon kwayil watannin baya, abin bai daina ba. Yanzu bakanikena ya ce sai an sauke inji. Mene ne shawara?
Wani mai karatu daga Dakata, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Injin da zobensa ya cinye ko bawul ɗinsa ya ƙone ba ya warkewa don an ba shi hutun minti 20. Da shi ne, da tun safe za ka sha wahalar tayar da ita, ga hayaƙi, ga shan baƙin mai. Motarka lafiyarta ƙalau da sanyin safiya, zafi ne ke kayar da ita, sanyi ya tashe ta. Wannan halin wani ƙaramin abu ne a layin wuta ko a layin mai, kuma sauke inji a kansa barin jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ya sa aka kasa kama ciwon shi ne kana kai ta gareji bayan ta farfaɗo. Bakanike ya ɗaga bonet, ya ga komai na aiki, sai ya koma canke. A bakin titi za a kama ta, a daidai mintocin da ta ƙi tashi. Don haka ka riƙa yawo da sukundireba, da filaya mai hannun roba, da tsumma, da gorar ruwa.

Tun kafin ka fito daga mota ka lura da yadda ta mutu. In ta ɗauke lokaci guda kamar an murɗa makulli, ƙarfin zato na kan wuta. In kuwa ta fara shaƙewa, tana fizga, ka taka totur ta ɗan amsa sannan ta sulale, ƙarfin zato na kan mai. Zato ne kawai, kwayil (kwalbar da ke ƙara ƙarfin wutar batir don fulogi) mai ciwo ma yakan yi fizga kafin ya ɗauke.

Gwajin wuta kenan. Zare babbar wayar da ta fito daga tsakiyar kwayil ta ɓangaren distiributa (mai raba wuta ga fulogai), ka riƙe ta da filaya, bakinta ya rage kamar milimita 6 zuwa 8 ya taɓa jikin inji, nesa da kafireta da tiyon mai. Yaron mota ya buga kik. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara, tas-tas, ba fashi. In ja ce siririya, ko tana yi tana ɗaukewa, ko babu sam, ka samu amsa. Kada ka riƙe da hannu, abin da ke fita daga kwayil yakan kai volt 20,000.

Gwajin mai ya fi sauƙi. Cire murfin iyakilina, ka leƙa maƙogwaron kafireta da inji a kashe, ka ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto. In a bushe yake, mai ba ya isowa.

Ni a nawa ganin, kwayil ɗin nan da ka ce sabo ne shi zan fara tuhuma, kuma sabuntar tasa ce ta sa. Kwayil ba iri ɗaya ba ne, ko da duk kwalbarsu ɗaya. Akwai wanda aka yi don ya karɓi volt 12 kai tsaye, in aka auna ƙananan bakinsa biyu da mita za a ga kusan ohm 3. Akwai wanda sai an haɗa shi da rizisto, ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga kwayil, shi kusan ohm 1.5 yake nunawa. Akwai kuma na motocin da ba su da kwantak (ƙarafa biyun cikin distiributa da ke buɗewa da rufewa suna yanke wutar kwayil), wanda sau da yawa bai kai ohm 1 ba. Idan aka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa aka ce kawai "a ba ni kwayil", aka ɗora na biyu ko na uku a motar da ba ta da rizisto, wutar da zai ja ta ninka. Motar za ta tashi da kyau, har direba ya yi murna, amma kwayil zai riƙa dahuwa a hankali, kwantak na ƙonewa. Da ya kai wani zafi sai siririyar wayar cikinsa ta saki, ya huce ta koma ta haɗe. Minti 20 ɗinka kenan. Idan ta mutu, kai bayan hannunka kusa da shi. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in bai taɓuwa, ko ka ga mai yana tsattsafowa daga bakinsa, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da ruwa ya taɓa wayoyin ba. In ta tashi cikin minti biyu ko uku, an gama bincike.

Na biyu kwandansa, wannan ɗan gwangwanin da ke jikin distiributa. Shi ma zafi na kashe shi ya farfaɗo. Ana gane aikinsa a fuskar kwantak: za ka ga ta ƙone, gefe ɗaya ya yi rami ɗaya ya yi tudu, kuma in aka buga kik da murfin distiributa a buɗe tartsatsi na tashi sosai a bakinsa. Kuɗinsa kaɗan ne, sai dai jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka in tsohon na asali ne kada ka jefar har sai sabon ya yi mako yana aiki. Tunda an buɗe, a gyara tazarar kwantak ta zama milimita 0.4, da ma'auni, ba da ido ba, sannan a sake saita taimin, domin taɓa tazarar yana motsa taimin. A duba cikin murfin ko akwai tsaga ko baƙin layi kamar zanen fensir, da ɗan gawayin tsakiya ko ya cinye.

Akwai wani da ake mantawa da shi: mazaunin makulli. Kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, ya daina fitar da 504 tun tsakiyar shekarun 2000, wato ko autar cikinsu ta ba shekara 20 baya ko tana daf. Makullin da ya yi wannan daɗewa, ga tarin makullan gida da na shago a rataye suna jan sa, yakan saki wuta a gargada. Rewaya ya sa kwan gwaji a bakin kwayil mai alamar +, a kunna makulli, a girgiza shi. In kwan ya yi ƙyaftawa, nan ne. Ya duba wayar ƙasa tsakanin inji da bodi ma.

To, in wuta ta fito shuɗiya amma kafireta a bushe fa? Fara buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji ya ja iska, fuu, kuma motar ta tashi, ƙofar shan iskar tankin ce ta toshe, famfon mai ya ja har ya kasa. Yakan faru idan an canza murfi da wanda ba nasa ba. In ba haka ba, sai mu koma kan tafasar mai a tiyo. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet a cunkoson titin Haɗeja, inda iska ba ta ratsa lagireto. Fetur yana fara zama tururi tun a ƙaramin zafi, famfon 504 kuma a jikin inji yake, kuma ruwa yake iya turawa, ba tururi ba. Tsumman nan dai za ka jiƙa, amma wannan karon a kan famfon mai da tiyonsa. Kada ka jiƙa kwayil da famfo a tare, in ta tashi ba za ka san wanda ya amsa ba. Maganinsa a janye tiyo daga kusa da bututun salansa, a tabbatar farantin da ke tsakanin famfo da inji yana nan, a duba fanka da fambel.

Wanke kafireta sau biyu da aka yi yana sa ni tambaya: me aka tarar a ciki? In jan gari ne, tsatsar tanki ce, kuma ko sau goma aka wanke za ta dawo. A sauke tanki a wanke, a sa sabuwar filta mai haske kafin famfo don ka riƙa ganin abin da ke wucewa, ka kuma rage shan man 'yan bumburutu. Ɗora galan a kan rufi a jawo tiyo zuwa kafireta, kamar yadda wasu direbobi ke yi, yana iya nuna ko laifin tanki ne ko na famfo, amma a cikin gareji kawai, da abin kashe gobara a kusa. Kada ka hau titi da shi.

In duka biyun sun fito daidai, wuta shuɗiya, mai na tsartowa, har kana jin warin fetur, to mai ne ya yi yawa: allurar kafireta ba ta rufewa. Danne totur har ƙasa ba tare da famfawa ba, ka buga kik na daƙiƙa goma. In ta tashi da baƙin hayaƙi, a canza allurar a saita fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kafireta yana tura allurar ta rufe. Sai an bi waɗannan duka ba a samu komai ba sannan a auna kwamfireshan na silinda huɗun da geji, kana tsaye, ka ga lambobin da idonka kafin a kwance noti ko ɗaya.