Tambaya da Amsa: Zan iya zuwa ƙasar waje in yi wa marayu jinya da kiɗa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi, ina shekara ta uku a fannin lafiya. Tun ina ƙarama nake waƙa, kuma na ɗan iya jita. Wata ƙawata ta turo mini talla ta WhatsApp, wai wata ƙungiya na neman ɗalibai su je Gabashin Afirka na sati uku a lokacin hutu, su yi wa marayu da yara masu naƙasa jinya da kiɗa. Mutum shi zai biya kuɗin jirgi da na rajista, a ƙarshe a ba shi takardar shaida. Raina ya biya ƙwarai. To amma babana ya ce kiɗa ba magani ba ne, roƙo ne. Da gaske akwai wannan ilimi? Kuma in je?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Ilimin akwai shi, kuma ba jiya aka fara ba. A Amurka ya tsaya da ƙafafunsa lokacin yaƙin duniya na biyu, da likitoci suka ga yadda sojojin da suka dawo da ciwon jiki da na zuciya ke samun sauƙi idan makaɗa sun zo asibiti. Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe digiri a kansa a 1944, ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya aka kafa ta a Italiya a 1985, a nahiyarmu kuma Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu tana koyar da shi a matakin digiri na biyu tun 1999. Ki lura da nauyin karatun: a Amurka sai ɗalibi ya gama digiri, ya yi awa 1,200 na aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin mai duba shi, sannan ya ci jarrabawa. A Ingila kuwa doka ta hana kowa kiran kansa da sunan wannan sana'a in bai yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ba. Saboda haka takardar da za a ba ki bayan sati uku shaidar kin yi tafiya ce kawai.

Aikin ba buga wa maras lafiya waƙa ba ne don ya ji daɗi. Ɗauki yaron da ba ya magana, ba ya kallon idon mutum. Mai jinyar za ta ajiye masa ƴar ganga, ba ta ce ya yi komi ba. In ya buga sau biyu, ita ma ta buga sau biyu. In ya yi ƙarfi ta yi ƙarfi, in ya sassauta ta sassauta. Can sai ta tsaya cak, ta bar gurbi. Ranar da yaron ya ɗago kai yana jiran amsarta, ranar ya gane cewa akwai wani a gabansa da ke saurarensa, kuma daga wannan karɓa-karɓa ne hira take tsirowa. Wani yaron cikin sati biyu zai kai nan, wani sai bayan wata shida. Kowane zama yana da buri, ana rubuta abin da ya faru, ana tattaunawa da iyaye da likita. Ga manya kuma, kiɗa mai daidaitaccen bugu yana taimaka wa masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar Parkinson, wato ciwon makyarkyatar jiki, su daidaita takunsu.

Amma kada a sayar miki da abin da ya wuce gaskiya. A 2017 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi da yara 364 masu cutar otizim, wato larurar da ke wahalar wa yaro magana da mu'amala da mutane, a ƙasashe 9, kuma ba a ga bambanci na a-zo-a-gani a tsananin alamun cutar ba tsakanin waɗanda aka ƙara musu jinyar kiɗa da waɗanda ba a ƙara wa ba. Ga ciwon damuwa, bitar bincike da aka yi a 2017 ɗin ta nuna ana samun sauƙi idan an haɗa kiɗa da maganin da aka saba. Haɗawa ake yi. Mai farfaɗiya ko taɓin hankali ba ya ajiye ƙwayarsa don an yi masa waƙa.

Maganar Baba tana da tushe, kada ki ɗauke ta jahilci. Wanda ya tashi a Maradi, in an ce kiɗa, maroƙa yake gani a gidan biki. In an haɗa kiɗa da magani, garaya da goge da ƴan bori ke zo masa a rai. Ki zauna da shi cikin ladabi ki nuna masa cewa nan ba a roƙon kowa, ba a kiran iska. Abin ya fi kusa da waƙar raino da kakarki ta yi masa a goye, da waƙar da mata ke yi wajen daɓe don aiki ya yi sauƙi. Murya da tafi ma sun isa, jitar ba dole ba ce. Hukuncin addini kuwa ku kai wa malamin da shi ya yarda da shi, kuma ko ina za ki je, ki tafi da albarkarsa.

Tafiyar ita ce ta fi damuna, kuma shawarata kada ki je a yadda aka tsara ta. Yaron da ya tashi a gidan marayu babban ciwonsa shi ne rashin mutum ɗaya tsayayye da zai jingina da shi. Baƙi sukan ji daɗi idan yara sun rugo sun rungume su tun ranar farko, su ce yaran nan akwai son mutane. Amma wannan alama ce mai tayar da hankali, don yaron da ke da uwa ko mariƙiya tsayayya yakan ɗan noƙe in ya ga baƙo. Ke kuma za ki je da abin da ya fi komi saurin buɗe zuciya. Cikin kwana goma wata yarinya za ta saba da muryarki, ta fara jiran sa'ar zuwanki, sannan ki hau jirgi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Kowane zagaye yana koya mata cewa wanda ta so ba ya zama. Ƙari a kan haka, waƙa takan tono abin da aka binne. Wata waƙar za ta tuna wa yaro da uwarsa da ta rasu, bugun ganga mai ƙarfi zai iya mayar da wanda ya tsere wa yaƙi cikin ƙarar bindiga. In ya ɓarke da kuka ko ya sandare, da wane harshe za ki rarrashe shi, ba ki jin Suwahili, ba ki san waƙoƙin garinsu ba? Kuma wa zai kwana da shi a daren?

Akwai wata gaskiya mai ɗaci a bayan irin waɗannan tallace-tallace. Ƙungiyoyin kare yara sun ƙiyasta cewa kusan takwas cikin goma na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ya kai su, wani wurin kuma kuɗin da baƙi ke kawowa ne ke sa a ci gaba da tara su. Ostireliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin bautarwa ta zamani a 2018, kuma a Disambar 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe su magance illar aikin sa-kai a irin waɗannan gidaje.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙungiyar Music as Therapy International ta Ingila, wadda ta fara aiki a Romaniya a 1995, ƙwararru take turawa su horar da ma'aikatan wurin, don aikin ya ci gaba a hannun waɗanda yaran ke gani kullum. Da wannan ma'auni za ki auna masu tallar. Ki tambaye su sunan ƙwararren da zai duba aikinki da inda ya yi karatu, da wanda zai ci gaba da zaman bayan kun tafi. Ki ga ko sun nemi takardar kotu mai shaida ba ki da laifi. Wanda zai sakar miki yara ba tare da ya bincike ki ba, zai sakar wa kowa. In shafinsu cike yake da hotunan fuskokin yara, ki ja baya. Kada ki tura kuɗi zuwa lambar wani mutum, kuma fasfonki ba ya barin hannunki.

Abin da na fi so ki duba shi ne gwajin da aka yi a Gambiya, aka buga a 2020. Ƙungiyoyin mata na gargajiya da ake kira Kanyeleng su suka jagoranci zaman waƙa na awa ɗaya kowane sati, har sati shida, a wuraren awon ciki. Mata 124 ke cikin binciken, kuma alamun damuwa sun fi raguwa a wajen waɗanda suka yi zaman. Ƙaramin gwaji ne, amma da harshen matan da waƙoƙinsu aka yi shi. Ke ma kina da wannan jari a nan. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a ƙauyukan Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori a nan jihar Maradi, kuma Hausa suke yi, gaɗar da kika sani ita ƴaƴansu suka sani. A asibitin Danja kusa da Maradi akwai mata masu yoyon fitsari da ke daɗewa suna jiran aiki. A ɗakunan tamowa irin na Madarunfa, wasa da motsa hankalin yaro yana cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, amma shi ne yakan fara faɗuwa idan majinyata sun yi yawa a lokacin damina.

Ki bi ta hannun malamanki su rubuta miki takarda, ki nemi izinin shugaban wurin, ki yi aiki a ƙarƙashin masanin halayya ko ma'aikaciyar jinya. Ƙauyukan bakin iyaka ba a zuwa da ka, sai tare da hukuma. Ki tsayar da rana ɗaya a sati wadda ba ki saɓawa, minti talatin, mutum shida zuwa takwas, waƙar buɗewa da ta rufewa iri ɗaya kullum. Ki bar uwaye su kawo waƙoƙinsu su ja baki, ke ki yi amshi. Ki riƙa rubuta abin da kika gani, kuma ki kira shi zaman waƙa, kada ki ce jinya.

In kin shekara a haka ranki bai sauya ba, akwai karatun da Faransanci a jami'o'in Monpeliye da Nant na ƙasar Faransa, akwai na Pretoria in kin gyara Ingilishinki. Za su tambaye ki aikin da kika taɓa yi da mutane, kuma littafin nan da kika cika zai amsa musu. Kuɗin jirgin nan ki adana su don wannan tafiyar.