Tambaya da Amsa: Yaya zan riƙa gano kalmomin Turanci ta tsawonsu da haruffansu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na shiga ƙungiyar masu wasan Scrabble (wasan haɗa haruffa su zama kalmomi a kan allo) ta makarantarmu, ina kuma buga Wordle (wasan cankar ɓoyayyiyar kalma) a waya. Sau da yawa ina riƙe da haruffa, na san tsawon kalmar da nake nema, amma sai kaina ya ɗaure. Akwai hanyar da zan bi in riƙa samo irin waɗannan kalmomi tare da ma'anarsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Hanya akwai ta. Abin da ke ba ka wahala shi ne ƙamus ya jera kalmomi ne bisa harafin farko, kai kuwa wani lokaci harafin tsakiya ko na ƙarshe ne a hannunka. Don haka sai ka sake wa kalmomin jeri da kanka.

Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce su jera haruffan kowace kalma daga A zuwa Z. Ɗauki haruffa biyar ɗin nan: A, E, L, S, T. A cikinsu akwai steal, wato sata, slate, allon rubutu, tales, tatsuniyoyi, least, mafi ƙanƙanta, da stale, abincin da ya kwana ya canza. Sami littafin rubutu, ka ware shafuka na kalmomi masu harafi biyu, uku, huɗu, har zuwa bakwai. A gefen hagu ka rubuta jerarrun haruffan, a dama kalmomin da ma'anarsu da Hausa. Idan kun zauna wasa, ka jera haruffa bakwai ɗin da ke gabanka haka nan. Da zarar idonka ya saba da AEINRST, nan take retains da nastier da retinas za su faɗo maka, kuma zubar da haruffa bakwai a lokaci guda na da ƙarin maki 50.

Amma kada ka yi gaggawar zuwa dogayen kalmomi. Fara da masu harafi biyu, waɗanda yawansu ya ɗan haura 120 a jerin Collins, wato jerin kalmomin da suka halatta a wasa, wanda ake gasa da shi a Najeriya. Kalmomin nan biyu, qi da za, su kaɗai sun isa su fitar da kai kunya, domin Q da Z maki goma-goma ne, kuma su ne ke maƙale wa sabon shiga har a tashi wasa. Daga nan ka koyi harafin da ake liƙawa gaba ko bayan kalma ta zama wata: late ta koma plate ko slate, host ta koma ghost. 'Yan wasan Najeriya sun yi suna a duniya da iya sarrafa gajerun kalmomi, kuma ɗan ƙasar nan ne, Wellington Jighere, ya ci kofin duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Wordle kuwa, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021 kafin jaridar New York Times ta saye shi a 2022, harafi biyar ne, damar gwaji shida. Tarkonsa shi ne kalmomi masu wutsiya ɗaya. A ce ka tabbatar da ATCH a ƙarshe. To ga batch, catch, hatch, latch, match, patch da watch duk suna jiranka, damarka kuwa saura uku. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Buga wata kalma dabam da ta haɗa da dama daga haruffan farkon, kamar climb, wadda za ta gwada maka L da M da B a bugu ɗaya.

Game da na'ura, shafin OneLook na karɓar alamar tambaya a madadin harafi guda: rubuta b??k zai kawo maka book, bank, bark da sauransu, kowace da ma'anarta. Manhajar Zyzzyva ta kwamfuta kuwa tana tace kalmomi ta tsawo da haruffa, har ta yi maka jarrabawa. Ka dai tabbatar jerin Collins ka zaɓa, domin na Amurka ya fi shi ƙanƙanta. Waɗannan na lokacin karatu ne. Leƙa waya ana tsakiyar wasa ha'inci ne.

Na ji daɗi da ka haɗa da ma'ana, domin nan ne da yawa ke yin sakaci. Gaskiya ne ana iya cin gasa ba tare da ita ba: Nigel Richards ɗan New Zealand ya ci kofin duniya na Scrabble ɗin Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, haddace jerin kawai ya yi. Amma kai ɗalibi ne, ga jarrabawar WAEC da JAMB a gabanka, kalmar da ba ka san inda za ka sa ta a jimla ba ba za ta tsinana maka komai a can ba. Wani lokaci ma ma'anar kan zo ba yadda ka zata ba. Naira da kobo sun halatta a wasa, kuma kuɗinmu ake nufi. Zobo ma ta halatta, sai dai ba wanda muke sha da ƙanƙara ba, wata dabba ce dangin shanu ta yankin Tibet.

Saboda haka a littafinka ka sa alama biyu: ɗaya ga kalmomin wasa kawai irin su qi da zobo, ɗaya ga waɗanda ake magana da su yau da kullum irin su latch, sakatar ƙofa, da hatch, ƙyanƙyasar ƙwai. Na biyun nan ka duba su a ƙamus na masu koyon Turanci, ka gina wa kowace jimla taka ta kanka kafin ka wuce zuwa ta gaba. Allah ya ba da sa'a.