Shin Rail Delivery Group za ta iya goge sunana daga kundin masu laifin tikiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, wata takwas ke nan da zuwana. Makon jiya aka soke jirgin ƙasan da na yanki tikitinsa zuwa Landan. Ina tsaye sai ga jirgin wani kamfani daban, shi ma Landan za shi, na shiga. A hanya mai duba tikiti ya ce nawa ba ya aiki a jirginsu, ya karɓi sunana da adireshina, ya ce in saurari wasiƙa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba saboda tunanin bizata. Abokaina sun ce duk jiragen na National Rail ne, in manta da maganar. Wani kuma da ke sayar da tikiti mai rahusa a WhatsApp ya ce yana da mutum a Rail Delivery Group da zai goge sunana in na ba shi fam 150. Wace irin ƙungiya ce wannan? Ita ce a saman kamfanonin? In biya shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ba shi ko sisin kwabo. Ka kwantar da hankalinka kuma, domin yadda ka ba da labarin nan kana da hujja mai ƙarfi, in dai ba ka lalata ta da hannunka ba.

Rail Delivery Group, wato RDG a taƙaice, ba hukuma ba ce, ba kotu ba ce, ba ta kuma da jirgi ko ɗaya. Ƙungiya ce ta kamfanonin da kansu. Lokacin da dokar 1993 ta wargaza British Rail, kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, aka raba harkar ga 'yan kasuwa, dole aka samar da wata inuwa da za ta riƙe abubuwan da ba su rabuwa, aka kafa ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa mai suna ATOC. Ita RDG ta zo a 2011 bayan rahoton Roy McNulty kan tsadar tafiyar da layin dogo, aka haɗe su a 2013, sunan ATOC ya ɓace a 2016. Aikinta na bayan fage ne, fasinja yana cin moriyarsa kullum ba tare da ya sani ba. Ita ke kula da National Rail Enquiries. Ita ke da Darwin, na'urar da ke tattara bayanin inda kowane jirgi yake ta aika wa allunan tasha da manhajojin waya. Katunan rangwamen nan na Railcard masu rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tafiya nata ne. Passenger Assist, tsarin da mai keken guragu ko makaho ke neman a tarbe shi a tasha, yana ƙarƙashinta, kuma tun 2022 sa'a biyu kafin tafiya ta isa a nema. Mafi nauyi a ciki shi ne rabon kuɗi: ka yanki tikiti ɗaya ka shiga jiragen kamfani uku, ita ce ke lissafa rabon kowa ta hanyar Rail Settlement Plan.

Wannan duka aiki ne na gari, ina kuma yaba shi. Sai dai ka san wa take wa aiki. A 2023, da aka kawo shawarar rufe kusan ofisoshin sayar da tikiti dubu a Ingila, ita ce ta fito tana kare shawarar a madadin kamfanonin, har sai da martani kusan 750,000 suka shigo gwamnati ta janye a ƙarshen Oktoba. Mai sa ido kan kamfanoni hukumar gwamnati ce mai suna Office of Rail and Road (ORR). Layin dogon kansa na Network Rail ne. Mai sauraron ƙorafin da kamfani ya kasa warwarewa shi ne Rail Ombudsman. RDG ba ta gurfanar da kowa, takardar shari'arka kuma tana hannun kamfanin da ma'aikacinsa ya rubuta sunanka. Saboda haka ko da gaske mutumin nan yana da ɗan'uwa a can, ɗan'uwan ba shi da abin gogewa.

Maganar abokanka ce ta fi damuna, domin ita nake ji kusan kullum, kuma ta jefa mutanen kirki da yawa cikin wahala. Ana cewa ai duk jirgi ɗaya ne, tikiti tikiti ne, in an kama ka iyaka ka biya ciko. Wallahi ba haka ba ne. National Rail suna ne da tambari, tambarin nan mai kibiya biyu, wanda aka sa don tsarin ya zo wa fasinja da sauƙi. A ƙarƙashinsa kamfanoni ne daban-daban, kowane da lauyoyinsa da sashen kare kuɗin shigarsa. Tikitin da ke hannunka yarjejeniya ce, sharuɗɗanta suna cikin National Rail Conditions of Travel. In an rubuta Any Permitted a jikinsa, za ka iya shiga jirgin kowane kamfani a hanyoyin da aka halatta. In sunan kamfani ɗaya aka rubuta, to shi kaɗai. In kuwa Advance ne, an ɗaure shi da jirgi guda a lokaci guda, shi ya sa yake da araha. Mutum ya ga fam ashirin ya ga fam saba'in, ya ɗauki na ashirin, sannan ya ɗauka ya sayi 'yancin na saba'in.

Kuma batun ciko, a ƙasar nan rashin tikiti mai inganci ba bashi ba ne kawai. A Ingila, tun Janairun 2023 tarar nan take fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar, tana komawa fam 50 in an biya cikin kwana 21. Wannan ita ce mai sauƙin. Kamfani yana da ikon tsallake ta ya nufi kotun majistare. A ƙarƙashin dokokin layin dogo, sashe na 18, ba sai an nuna kana da mugun nufi ba, shiga jirgi babu ingantaccen tikiti ya isa, tarar tana iya kai fam 1,000. In kuwa aka nuna da gangan ka so kauce wa biya, dokar 1889 ce za ta hau kanka, wadda ta tanadi tarar fam 1,000 ko ɗaurin da zai kai wata uku. Ɗan ƙasa zai iya biya ya kaɗe rigarsa. Kai da za ka cika takardar sabunta biza, gobe ta zama ta dindindin, jibi wataƙila ta zama ɗan ƙasa, kowace tana tambaya ko kotu ta taɓa samun ka da laifi, ɓoyewa kuma ya fi laifin kansa muni. Na ga injiniya, na ga ma'aikaciyar jinya, suna yawon neman lauya a kan kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Wani katin rangwamensa ne ya ƙare bai lura ba. Wata katin rangwamen 'yan shekara 16 zuwa 25 ta yi amfani da shi da sassafe ranar aiki, ba ta san cewa kafin ƙarfe goma akwai mafi ƙarancin kuɗi na fam 12 ba. Wani katin abokinsa ya ara. Dukansu sun ji daga bakin wani cewa babu komai.

Akwai kuma sabuwar ji-ta-ji-ta, wai kotu ta soke shari'o'in tikiti gaba ɗaya. Abin da ya faru shi ne a Agustan 2024 babban majistare ya yanke hukuncin da ya buɗe hanyar rushe dubun-dubatar hukunce-hukunce, saboda wasu kamfanoni sun bi gajeriyar hanyar shari'a ta takarda a kan laifin da doka ba ta yarda a bi da shi ta nan ba. Hanyar aka soke. Laifin yana nan, gurfanarwa kuma ba ta tsaya ba.

Kada ka ɗauka ina kare tsarin ne. Tsarin kuɗin tikitin Birtaniya ya cukurkuɗe har ma'aikatan tasha kan yi saɓani a kansa, kuma ita RDG ɗin da kanta ta fito ta nemi a yi masa garambawul. Tun 2020 mafi yawan kuɗin tikitin Ingila asusun gwamnati yake shiga, kamfanoni lada ake biyansu, amma har yau ana iya rubuta sunan ɗalibi don ya shiga jirgi mai wani launi maimakon wani. Abin yana ba ni takaici matuƙa. Dokar 2024 ta fara mayar da kamfanonin hannun gwamnati, South Western Railway ta koma a Mayun 2025, ana kuma shirin kafa Great British Railways, hukumar da za ta haɗe harkar wuri ɗaya, da hedikwata a Derby. Amma kafin a haɗe komai, sharaɗin da ke jikin tikitinka shi ne doka, takaicina ba zai hana a kai ka kotu ba.

Shi kuwa mai tikitin WhatsApp, ka tambayi kanka daga ina rahusarsa take fitowa. Kamfanoni da dillalan da aka ba lasisi duk daga rumbun farashi ɗaya suke sayarwa. Wanda ya ba ka tikitin fam tamanin a fam talatin, ko dai da katin bankin sata ya saya, ko ya liƙa rangwamen da ba ka cancanta ba, ko zai nemi a mayar masa da kuɗin bayan ya tura maka, ko kuma hoto kawai ya gyara. Ranar da abin ya fashe shi yana can da lambar wayar da zai jefar, kai ne a kujera da tikitin a wayarka. Tikitin waya yana barin sawu, masu bincike kan nemi tarihin sayayyar mutum su bi shi watanni baya. Araha ba ta ado, ƙanena. Ban da tsoron kotu ma, kuɗin nan na wani bawan Allah ne da aka yashe wa asusu, kai kuma ka baro iyayenka ka zo neman ilimi, suna can suna maka addu'a. Bai kamata guzurin karatunka ya gauraya da haƙƙin wani ba. In ka taɓa saye a wajensa, ka daina yau, ka kuma faɗa wa mai ba ka shawara gaskiya tun kafin ka amsa wasiƙa.

To ga abin yi. Idan aka soke jirgi, mai Advance yana da damar shiga jirgi na gaba na kamfanin da ya yanki tikitinsa. Shiga na wani kamfani sai in an sanar cewa suna karɓar tikitin juna a ranar, ko ma'aikaci ya ba ka izini. Saboda haka ka nemo shaidar sokewar: saƙon da aka turo maka, hoton allon tasha in ka ɗauka, lokacin da jirgin ya kamata ya tashi. Ka rubuta wa kamfanin da ya soke jirgin ka tambaye su ko an yi yarjejeniyar karɓar tikiti a wannan rana, domin in an yi, magana ta ƙare. In wani ma'aikaci ne ya ce ka shiga, ka rubuta inda yake tsaye da lokacin tun ba ka manta ba.

Wasiƙar in ta zo kada ka ajiye ta a ƙarƙashin littattafai. Yawancin waɗanda na ga an yanke wa hukunci ba su ma san an yi zaman ba, ko sun sauya gida, ko sun ƙi buɗe ambulan don tsoro. In ka tashi daga adireshin da ka bayar, ka sanar da su. Ka amsa cikin wa'adin da suka sa, a taƙaice, da ladabi, ba ƙarya ko ɗaya, ka haɗa da shaidarka, ka nemi a rufe maganar ko a sasanta ba tare da zuwa kotu ba. Kamfanoni da yawa suna yarda da sulhu ga wanda bai taɓa yi ba, ka biya kuɗin tafiyar da na ɗawainiyarsu. In takardar tarar nan take ce suka ba ka, kana da kwana 21 na ɗaukaka ƙara, matakin ƙarshe kuma kwamiti ne mai zaman kansa. Kafin ka aika komai ka kai wa ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'arku ko Citizens Advice su duba, kyauta ne. In ka ga sammacin kotu, lauya za ka nema, wanda ya san dokar shige da fice.

Kada kuma ka bar haƙƙinka. Kamfanin da ya soke jirgin yana da diyyar jinkiri a kansa ta tsarin Delay Repay: rabin kuɗin tafiya ɗaya in ka makara minti 30, cikakkensa in ta kai sa'a guda, wasu kamfanonin ma daga minti 15 suke fara biya. Kwana 28 gare ka daga ranar tafiyar, mako guda ya riga ya wuce, sai ka cika takardar a shafinsu yau. Allah Ya fitar da kai lafiya.