Kafin ka sayi kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su: amsa ga wani Alhaji a Marwa

Wani Alhaji mai fataucin albasa da hatsi a Marwa, wanda yake da reshe a Kusseri, ya aiko mini da tambaya. Yana so ya sayi kwamfutocin tafi-da-gidanka guda shida na hannu, irin waɗanda ake saukewa a Duwala, domin akawunsa da yaran shagunansa su riƙa rubuta lissafi da biyan kuɗi ta banki. Sai ɗan ƙanensa ya gaya masa cewa akwai cutar kwamfuta da ko an goge komai ba ta fita. Yana tambaya ko gaskiya ne, kuma ko ya fi masa ya haƙura ya sayi sababbi.

Alhaji, ranka ya daɗe, yaron nan bai yi maka ƙarya ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja da masu gyara suke kira BIOS, sabon nau'inta kuma UEFI, wadda ni zan kira manhajar tushe. Ba a kan faifan ajiya take zaune ba, tana cikin wani ɗan guntun ƙarfe da aka liƙa a jikin allon kwamfutar, kuma ita ce take fara tashi da zarar ka danna maɓalli, ita take duba kayan ciki sannan ta miƙa wa Windows ragama. Saboda haka idan mai gyara ya ce maka ya goge komai ya zuba sabon Windows, ɗaki ya share, bai taɓa harsashin ginin ba.

A shekarar 2018 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana wata muguwar manhaja mai suna LoJax, wadda ita ce ta farko da aka kama ana amfani da ita a zahiri wajen shiga UEFI, kuma ko an canza faifan ajiya tana nan daram. A 2022 kamfanin ya sake gano ɓaraka a manhajar tushe ta nau'o'in kwamfutocin Lenovo sama da ɗari, Lenovo kuma ya fitar da gyara. A 2023 aka tabbatar da BlackLotus, wadda take iya tsallake shingen da ake kira Secure Boot ko da a kan Windows 11, kuma an riƙa tallar ta a kasuwar ɓarayin intanet a kan dala 5,000. A ƙarshen 2023 ɗin kamfanin tsaro na Binarly ya nuna cewa hatta hoton tambarin da yake bayyana lokacin kunna kwamfuta ana iya cusa mugun abu ta cikinsa, abin da suka sa wa suna LogoFAIL.

Duk da haka ba na so tsoro ya sa ka kashe kuɗin da bai kamata ba. LoJax hukumomin gwamnati aka nufa da ita a Turai, ba 'yan kasuwa ba. Sannan yawancin irin waɗannan hare-hare ba sa isa ga manhajar tushe sai ɓarawo ya fara samun cikakken iko a kan Windows, ko kuma kwamfutar ta shiga hannunsa. A nan ne abin ya shafe ka, domin ƙofar da aka fi bar masa a buɗe a wajenmu ita ce Windows na bogi da manhajojin sata da ake zubawa daga filashin da ya zaga shaguna goma.

Shawarata ita ce ka sayi na hannun, amma ka zaɓa da ido. Nemi irin waɗanda aka ƙera domin ofisoshi, kamar ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell ko EliteBook na HP, saboda kamfanonin sukan daɗe suna fitar musu da gyaran manhajar tushe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar ɗan ma'ajin sirri da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. Wadda ta gaza wannan, komai arharta, ka bar wa mai ita, domin araha ba ta ado.

Kada ka biya sai an kunna kowace ɗaya a gabanka an shiga BIOS ɗinta. A Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a ThinkPad F1. Idan wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri, mai sayarwa kuma ya ce ai ba komai tunda Windows yana tashi, ka mayar masa da kayarsa, domin makullin gidan yana hannun wani. Ka sa a duba ko Secure Boot a kunne yake, a kuma duba wani layi mai suna Computrace ko Absolute. Wannan manhajar bin sawu ce da kamfanoni suke kunnawa don gano kwamfutocinsu idan an sace, kuma idan ka same ta a kunne, mai yiwuwa tsohon mai ita yana da sauran iko a kanta. Sau da yawa za ka ga ragowar takardar lambar tsohon ofishin a liƙe a ƙarƙashin kwamfutar, an kankare rabinta.

Manyan ma'aikatu ba wani sihiri suke yi ba wajen kare kansu. Suna ajiye rajistar kowace kwamfuta da lambar manhajar tushenta, suna sabunta ta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai, suna sa wa BIOS kalmar sirri, suna hana kwamfuta tashi daga filashi, suna kulle faifan ajiya da BitLocker, wato makullin da yake cikin Windows, kuma ba sa ba kowane ma'aikaci ikon zuba manhaja. Duk wannan kana iya yin sa da littafi guda da mai gyara ɗaya amintacce. Kalmomin sirrin da lambar ceto ta BitLocker su zauna a wurinka, a inda kake ajiye takardun filayenka, ba a wayar mai gyara ba.

Akwai abin da nake roƙonka ka kula da shi sosai, saboda yadda wuta take ɗaukewa a Marwa da Kusseri. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar sabunta manhajar tushe, batirin kuma ya mutu, kwamfutar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma na hannu da yawa batirinsu ya riga ya gaji. Don haka a gwada batiri tun a shago, a cika shi, sannan a yi aikin a inda ake da sola ko janareta.

Cikin shidan nan ka ware guda ɗaya domin banki da biyan kuɗi kawai. Ita kam, idan aljihu ya yarda, ka saye ta sabuwa a kwalinta daga dila mai ba da rasit da garanti, kuma kada ta bi motar albasa zuwa Kusseri a hannun kowa. Sauran biyar ɗin na hannu sun isa rubuta buhuna da basussuka.